Kwanukan Yaya Dije Ba Tarkace Ba Ne

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Yaya Dije, kuma a makon jiya 'yar da ta haifa da cikinta ta ce mini kwanukanta tarkace ne. Ban ji daɗi ba. Ban ɓoye mata ba, kuma ba zan ɓoye wa masu karanta wannan shafi ba. An ba ni shawara in bari in huce kafin in ɗauki biro. Na ce wadda sai da ta haura arba'in sannan ta iya riƙe biron ba ta da sauran lokacin jiran hucewa.

Ga wanda bai san ta ba, Hadiza sunanta, matar yayana ce marigayi, wanda ya yi aikin likita a nan Manchester har ƙarshen ransa. Ni ƙanwar miji ce, wato abokiyar wasa kuma 'yar sa-ido. Ina yarinya, ban wuce a aike ni sayen daddawa ba, aka kawo ta gidanmu a cikin birnin Kano. Ranar jere danginta mata suka cika ɗakin tun da hantsi, suka kori kowa, ni kuwa na laɓe a bayan ƙyaure ina kallo. Kwalla a ƙasa, fanteka a kanta, sai langa, sai samira, har zuwa 'yan ƙananan kwanukan da ko tuwon yaye ba za su ɗauka ba, an ɗora wannan bisa wancan sai da suka kusa taɓo azara. Kowanne kuma da mai shi. Wannan na goggonta ne ta Fagge. Wancan bikin da uwarta ta taɓa yi wa wata maƙwabciya ne ya dawo. Yaran yanzu suna ɗauka jere ado ne kawai, ko gasa tsakanin iyayen amare. Akwai wannan, ba na musu. Amma jere shaida ne. Bango ne yake faɗa wa dangin miji mata nawa ne suka tsaya wa uwar yarinyar nan.

Aikina na farko a hannunta aike ne. Ta zuba dambu a samira, ta rufe da faifai, ta ce in kai gidan wata tsohuwa a bayan layinmu, in tsaya in karɓo kwano. Tsohuwar ta juye, ta wanke, ta zuba mini soyayyar gyaɗa a ciki. Kafin in iso ƙofar gida na gama da ita. Yaya Dije ta ɗaga faifai, ta dubi kwano, ta dube ni, ta ce, “Gidan Iya ba a sako kwano da yunwa. Buɗe bakin nan in gani, ƙanwar miji ciwon kai.” Ba ta dake ni ba, dariya ma ta yi. Amma ranar ta koya mini dokar da ta rayu a kanta: kwanon da ya zo maka da abinci ba ya komawa gida fayau. Ko ƙwayar goro ce, ko ɗan gishiri, sai ka sa. Kuma kai za ka mayar, ko jininka, ba a ba wa ɗan hanya.

Da yayana ya samu zuwa Ingila ƙarin karatu, daga baya aiki ya riƙe shi, ta naɗe jerenta kaf a tsofaffin zannuwa, ta shirya a akwatunan ƙarfe, aka sa a jirgin ruwa. Ya yi ta mita, wai Ingila ma ana sayar da kwano. Ta ce masa, “Ana sayar da na uwata?”  Sai dai ba a yi jeren ba. Gidan da suka samu a Whalley Range irin tsofaffin gidajen attajiran nan ne da aka yayyanka aka yi flat-flat, bango duk taga ne da bututun ɗumama ɗaki. Akwatuna suka shige ƙarƙashin gado, wasu suka hau kan wardrobe, suka yi ta kwana a can har 'ya'yanta biyu, Rukayya da Bashir, suka girma suka bar gida ba su taɓa ganin abin da ke ciki a jere ba.

Ni kuma bayan mijina ya rasu, ita ce ta tsaya kai da fata sai da aka kawo ni nan. Na samu aiki a kicin ɗin wata makarantar yara. Na yi allo a gida, amma boko maza aka kai. Wata rana ta ga na riƙe takardar GP, wato likitan unguwa, a juye ina gyaɗa kai kamar mai fahimta. Washegari ta ja hannuna har wata cibiyar unguwa a Moss Side inda ake koyar da manya karatu. Na tirje a bakin ƙofa, na ce na tsufa. Ta ce, “An ce gemu ba ya hana ilimi. To ke ko gemun ba ki da shi, mene ne uzurinki?” Duk harafin da kuke karantawa a nan daga wannan turin da ta yi mini ya fito.

Abin da ya fito da kwanukan daga akwati kuwa wata tafiya ce da muka yi zuwa Norway, bayan rasuwar yayana. Bashir injiniyan mai ne, aiki ya kai shi wani gari a bakin teku da ake kira Stavanger. Matarsa ta haihu, uwarta ba ta samu biza ba, sai Yaya Dije ta ɗaura ɗamarar zuwa jego, da kanwarta da yajinta a jaka, ni kuma 'yar rakiya. Lokacin zafinsu ne, rana ba ta son faɗuwa. Magariba sai mu yi ta jiran ta kamar baƙon da ya aiko yana tafe. Bayan suna, da mai jego ta ɗan yi ƙwari, Bashir ya ce zai zaga da mu mu ga gari.

Ya fara kai mu gidan wani attajirin da, mai jiragen ruwa, da aka mayar gidan tarihi. Fitilu na reto daga sama, hotunan mutane masu tsuke baki, kujeru masu zanen zinariya, ga jar igiya an gitta kada kowa ya matsa. Yaya Dije ta bi ɗaki-ɗaki da ciwon gwiwarta, ta yi hamma, ta raɗa mini, “Gidan mai kuɗi ko'ina ɗaya ne, kujera ta yi yawa amma babu wurin zama.” Na ɗauka yawon ya ƙare ke nan.

Sai muka gangara tsohuwar unguwarsu. Gidajen katako ne ƙanana, farare fat, sun jingina da juna, lungu ƙunci an shimfiɗa masa duwatsu, furanni a bakin kowace ƙofa. In ka cire farin fentin da ƙamshin teku, ka rantse wani lungu ne a cikin birni, irin wanda mai kaya a ka yake gicciyewa kafin ya wuce. A tsakiyar unguwar akwai tsohuwar masana'antar kifin gwangwani, ita ma an bar ta yadda take don mutane su gani. Ga dogayen teburan da mata suke zama suna zura 'yan ƙananan kifaye a tsinken ƙarfe, ga murhun da ake banda su, ga gwangwanaye da takardunsu kala-kala. Yaya Dije ta tsaya cak a gaban wani irin gwangwani mai ɗan makulli a jiki, irin wanda mahaifinta yake jerawa a kantinsa, wanda sai an yi baƙo na musamman ake buɗewa. Ta nuna shi da baki ta ce, “Ashe daga nan kuke.” Kamar ta ga ɗan unguwarsu a Makka.

Kusa da masana'antar akwai wani ɗan gida, na ɗaya daga cikin iyalan da suka yi aikin kifin. Nan ne abin ya faru. Muna isa bakin ƙofa Yaya Dije ta tsaya, ta tuɓe takalmanta, ta gyara mayafi, ta ɗaga murya ta yi sallama. Ni ma na tuɓe nawa, don ban ga dalilin da zai sa in shiga gidan mutane da takalmi ba. Turawan da ke bayanmu suka tsaya suna kallo. Bashir ya rasa inda zai sa kansa.

“Mama, don Allah. Ba kowa a gidan nan fa, museum ne.”

“Gidan ba shi da masu shi?”

“Sun mutu tun tuni.”

“To kai in ka je maƙabarta ba ka sallama? Matsa mini.”

Ciki ɗan ƙarami ne, dogon mutum sai ya sunkuya. Murhun ƙarfe, gajeren gado, wani akwatin da ake jawowa daga ƙarƙashi yara su kwanta, keken ɗinki a bakin taga. Sai kicin. A kan kanta an jera kwanukan samira, farare masu shuɗin baki, fentin ya ɓantare a gefe ya bar baƙin tabo, daidai inda namu suke ɓantarewa. Na ga fuskar Yaya Dije ta sauya. Ta manta da Bashir, ta manta da dokar kada a taɓa, ta miƙa hannu ta ɗaga murfin ɗaya. Ba komai a ciki, mana.  Sai ta kwance bakin mayafinta, ta ciro farin goro guda, ta sa a ciki, ta mayar da murfi.

Bashir ya ce, “Shi ke nan, yau sai an kira mana 'yan sanda.”

Mai kula da gidan wata dattijuwa ce mai farin gashi, kuma ta ga komai. Ta matso ta tambaya da Turanci me aka sa. Bashir ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya faɗa mata gaskiya, cewa a wurinmu ba a shiga gidan mutane hannu rabbana, kuma uwarsa ba ta iya ganin kwano fayau ta wuce. Matar ba ta yi faɗa ba. Ta ciro goron ta jujjuya shi, ta ce kakarta a waɗancan teburan ta ƙare ƙuruciyarta, kuma a irin wannan gida ta rayu, lungu biyu daga nan. Ta ce akwai lokacin da aka so a rushe unguwar gaba ɗaya, wai ruɓaɓɓen katako ne, wasu suka ƙi. Ta gutsuri goron. Yadda ta yamutsa fuska har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai a bas. Amma ta haɗiye, don kara.

Mun fito mun yi nisa a lungun sai muka ji ana kira. Ita ce take sauri a bayanmu, da ɗan ƙunshi a takarda. Ashe ranar suna hura murhun masana'antar don baƙi su ɗanɗana. Bandataccen kifi ne, da zafinsa, mai yana tsatsowa ta takardar. Ta danƙa wa Yaya Dije a hannu, ta juya. Yaya ta bi ta da kallo har ta shige, sannan ta ce mini, “Matar nan uwarta ta yi mata tarbiyya.”

Muka zauna a kan wani dakali a bakin ruwa muna ci da hannu, tsuntsayen teku suna kewaya mu kamar shaho ya ga 'yan tsaki.  Can Yaya Dije ta ce, “Asabe, kin lura? Mutanen nan ba sarki kaɗai suka ajiye ba. Mai zura kifi suka ajiye, da tukunyarta da keken ɗinkinta. Mu kuwa in tsohuwa ta mutu, kafin sadakar bakwai an raba ɗakinta, kafin arba'in an yi fenti.” Ba rabon gado take suka ba, ta fi ni sanin hukuncinsa. Abin da ya dame ta shi ne jikanta da muka baro a gida zai tashi ya san yadda kakar wani Bature ta dafa abinci, amma ba zai san yadda ɗakin tasa kakar yake ba. An ce gani ya kori ji. Ni na ga gari mai kyau. Ita ta ga akwatunan da ke ƙarƙashin gadonta.

Muna dawowa Manchester ta jawo su. Ta je wurin masu kula da cibiyar nan ta Moss Side ta nemi kusurwa guda a ɗakin da muke karatu, ta yi ta zarya sai da suka gaji suka ba ta. Aka samo wani tsohon kabad mai gilashi. Ranar jeren matan ajinmu suka zo, Somaliyawa da 'yan Jamaika da 'yan Pakistan da mu Hausawa 'yan kaɗan, ita tana zaune a kujera tana ba da umarni da sandarta kamar uwar amarya. Da aka ɗora na ƙarshe wata matar ɗalibi 'yar Zariya ta rangaɗa guɗa, har mai gadi ya shigo da gudu. Ni aka sa na rubuta 'yan katunan da ke gaban kowane kwano, sunansa da wadda ta bayar da shi. Shi ne rubutuna na farko da baƙo ya karanta. Haruffan suna hawa tudu suna gangarowa, ta ce a bar su haka.

Igiya kuwa ta ce ba za a gitta ba, kuma ba za a kulle gilashi ba. Kowa ya ɗaga murfi. Duk Juma'a sai ta zo ta sa wani abu a ciki, yau dabino, gobe goro, wani lokaci alewa saboda yaran da iyayensu suke zuwa da su. Na ga tsohuwa 'yar Jamaika ta rungume wata langa tana cewa irinta ce sak kakarta take wanke shinkafa a ciki. Na ga yaran Hausawa da aka haifa a nan, masu Turancin da sai ka kasa kunne, suna gardama a kan wane ne fanteka wane ne kwalla. Shekarun nan su ne mafi daɗi da na yi a ƙasar nan, kuma ban sani ba sai da suka wuce.

Ta rasu cikin sanyi, bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a nan kusa da mijinta. Allah Ya jiƙan su, Ya sa sun huta. Magada suka yarda a bar jeren inda ta sa shi. Ba a jima ba masu kula da wurin suka ce doka ta ce a kulle gilashin, kada yaro ya ji ciwo ko wani abu ya ɓata. Na yi faɗa, ba a ji ba. Tun daga ranar kwanukan suke zaune da yunwa, ana kallon su ta bayan gilashi kamar kujerun attajirin nan mai jiragen ruwa.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta leƙo yau. Ta tafi daidai lokacin da aka fara wannan waƙa ta tsuke bakin aljihu, ba ta ga inda ta kai ba. Laburaren da nake zuwa in gwada karatuna an fara rage masa kwanaki, daga baya aka sa masa kwaɗo. Ajinmu na manya aka mayar da shi sau ɗaya a mako, sannan aka ce babu malama. Zauren da muka koyi baƙi da wasali yanzu nan ake raba gwangwanayen abinci ga mabukata, kuma a layin nakan ga matan da da su suke kawo wa wasu. Har kifin gwangwani ina gani a cikin jakunkunan, in tuna kantin mahaifinta. Na san abin da za ta ce, don na san bakinta. Za ta ce, an tsuke bakin aljihu, to aljihun wa? Sannan ta ɗaura zani ta ɗora tukunya, don ita ba ta iya tsayawa a magana.

A farkon watan nan matar da take riƙe da makullan cibiyar, 'yar Jamaika ce da muka yi aji ɗaya, ta tare ni a tashar bas. Ta ce tallafin council, wato hukumar gari, ya yanke, an sayar da ginin, za a yi flat a wurin. Duk abin da ya kai ƙarshen wata a ciki, za a watsa shi a skip, wannan ƙaton akwatin ƙarfen da ake ajiyewa a bakin titi don baraguzai. Ta ce, “Sister Asabe, kwanukan mamanku.”

Kayan magada ne, ba nawa ba, don haka na kira su. Bashir ya ce zai kama musu ɗakin ajiya, irin wanda ake kullewa a manta. Na ce sun yi shekaru a ƙarƙashin gado, ba za su koma kabari da ransu ba. Ya ce to duk abin da na yanke ya yarda. Sai na kira Rukayya a Birmingham. Akanta ce, tana da 'ya'ya uku, kuma tun da aka share makokin uwarta ƙafarta ba ta sake taka Manchester ba sai dai gaisuwar waya ranar salla.

“Goggo, wallahi ba ni da space. Gidan nan ko buggy, keken jaririn nan, ba mu da inda za mu sa. Ki duba charity shop, shagunan da ake kai wa tsofaffin kaya sadaka, mana, ko za su karɓa.”

“Jeren uwarki ne, Rukayya.”

“Na sani, Goggo. Amma tsakani da Allah, wa yake cin abinci a irin waɗannan yanzu? Ai tarkace ne. Ki yi yadda kika ga dama da su, please, ina da meeting.”

Na faɗa mata abin da na faɗa, ba sai na maimaita a jarida ba. Amma zan yi mata adalci, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An rage ma'aikata a ofishinsu, aikin mutum uku take yi ita kaɗai, tana fita da duhu ta dawo da duhu. Kuma ni na yi mata wankan jariri, na san ta. Yarinyar da ta ƙi zuwa garin da kabarin uwarta yake ba rashin so ne yake hana ta ba. Akwai mai kuka da hawaye, akwai mai kuka da nisa. Duk na san wannan. Kalmar ce dai ban yarda da ita ba, kuma ba zan yarda ba.

Ranar Juma'a bayan azahar na karɓi makulli na buɗe gilashin, karo na farko tun da aka kulle shi. Na sauke su ɗaya bayan ɗaya ina wankewa a kicin ɗin cibiyar. Ina wanki ina tunanin mutanen Stavanger, ina jin haushi, ina cewa su sun samu masu tsaya wa katakonsu, mu ko kusurwa guda an kasa bar mana. Sai na tambayi kaina, a duk abin da na gani a garin nan, me ya zauna mini? Fitilun attajirin na manta kamanninsu. Ko kwanukan kicin ɗin ba zan iya cewa ga yadda aka jera su ba. Abin da ban manta ba shi ne tsohuwar nan tana sauri a lungu da ɗumin kifi a takarda. An sa mata abu a kwano, ta ƙi bari mu tafi haka nan. Gidan ya tsaya ne don akwai irinta a cikinsa. Da babu ita, da katako ne kawai da fenti.

To me ya rage na Yaya Dije bayan shekara bakwai? Flat ɗinta wasu ne a ciki, sun sauya labule. Cibiyar da ta yi jerenta ta kusa zama tarihi ita ma, ba kuma irin wanda ake ajiyewa ba. Ba za a sa sunanta a bango ba, ba za a sayi tikiti don ganin ɗakinta ba. Amma akwai tsohuwa a Moss Side da take karanta takardar likitanta da kanta. Akwai matan da ba yarensu ɗaya ba, ba addininsu ɗaya ba, da har yau in ɗaya ta kai wa ɗaya abinci a roba, robar ba ta dawowa fayau, kuma sun san wa ya koya musu. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ita ba gilashi ta bari ba, doka ta bari, kuma doka ba ta bukatar tallafin council.

Kafin la'asar na aika aka kira mini matan ajinmu da suka rage. Magada sun ba ni izini da bakinsu, ɗaya da daɗin rai, ɗaya cikin sauri, amma izini izini ne. Na raba musu, kowacce da katin da na rubuta da hannuna, don ta san kwanon wace mata ce ta riƙe. Sharaɗi ɗaya na kafa: ba na ajiya ba ne. A zuba abinci a kai wa wata, ita kuma ta san abin da ya hau kanta. Tsohuwar nan 'yar Jamaika ta ɗauki langarta ta rungume kamar da. Kabad ɗin muka bar wa skip, shi kam ya ci sunan tarkace.

Guda ɗaya na hana kowa, babbar fanteka mai jajayen furanni, wadda mahaifiyar Yaya Dije ta saya da kanta, wadda take zama a tsakiyar jere.

Washegari Asabar, bayan na idar da sallar asuba, na turara dambun shinkafa da zogale, da ƙuli da albasa da yawa, yadda uwarta take yi mata in ta dawo hutu daga jami'a. Na cika fantekar, na rufe, na ɗaure da tsohon zanin da ta zo a ciki daga Kano. Na hau motar Birmingham da ita a cinyata, ɗuminta yana ratsa ni har muka isa. Ban kira na ce ina tafe ba. Rukayya ta buɗe ƙofa da kayan barci, ta dube ni, ta dubi zanin, na ga ta gane shi. Na danƙa mata a hannu biyu.

Na ce, “Ga tarkacen uwarki. Kin ce in yi yadda na ga dama, to kwanon nawa ne yanzu. In kun cinye, kin san gidana, kuma kin san yadda ake mayar da kwano.”